Duba lafiyar shekara a asibitocin kuɗi na Abuja: gwajin ya yi, shawarar "a rage ƙiba" ce ke da gyara

Asibitocin kuɗi da dama a Abuja, daga Wuse 2 da Maitama zuwa Garki da Gwarimpa, suna sayar da duba lafiya gaba ɗaya a dunƙule: a biya sau ɗaya, a zo da safe ba a karya ba, a ɗebi jini da fitsari, a hau sikeli, a ga likita. Ma'aikatan gwamnati da na bankuna da 'yan kasuwa waɗanda suka haura shekara 40 suna cikin masu saye, wasu da aljihunsu, wasu ofis ke biya musu. Abu ne mai kyau, kuma ya cancanci kuɗinsa. Amma akwai wani sashe nasa da ke yawan gurgunta sauran, wato mintunan ƙarshe a ɗakin likita, inda mutumin da nauyinsa ke daidai yake jin an ce masa, "Alhaji, sai a ɗan rage ƙiba," ko "Hajiya, a yi ƙoƙari a sauke kilo biyar." A kan wannan sashen za mu fi tsayawa.

Ɓangaren ɗakin gwaji shi ne ƙarfin wannan hidima. Yawanci ana duba sukarin jini, kitsen jini, aikin ƙoda da na hanta, yawan jini, da fitsari, wani wurin a haɗa da awon bugun zuciya da hoton ciki. Kafin a biya, a nemi jerin gwaje-gwajen a rubuce, domin farashi da abin da ke ciki sun bambanta daga asibiti zuwa asibiti, kuma a tabbatar akwai gwajin ciwon hanta nau'in B idan ba a taɓa yi ba. A yi awa 8 zuwa 12 ba a ci komai ba, amma a sha ruwa. Shayi da madara ko goro da asuba suna ɓata sakamako. Mai sikila ko mai ƙarancin jini ya faɗa tun farko, saboda gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukari na wajen wata uku, yana iya ba da lambar da ba daidai ba a jikinsu. A wannan ɓangaren ba mu da wani ƙorafi mai yawa.

Matsala takan fara ne a teburin nas, wurin awon nauyi da tsayi. Daga waɗannan lambobi biyu ake fitar da BMI, wato lambar da ke nuna ko nauyin mutum ya dace da tsayinsa: a raba nauyi a kilo da tsayi a mita sau kansa. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙasa da 18.5 rama ce, daga 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya wuce, 30 zuwa sama kuwa ƙiba ce ta a nemi magani. Lissafin mai sauƙi ne, shi ya sa kuskure kaɗan ke juya shi. Mutum mai kilo 72 da tsayin mita 1.72, BMI ɗinsa 24.3 ne. Idan an rubuta tsayinsa 1.68 saboda ya ɗan duƙa, ko an tambaye shi ya faɗa da ka, lambar ta koma 25.5, an jefa shi cikin masu nauyi fiye da kima ba tare da ya ƙara komai ba. Haka nan babbar riga da takalmi da waya da makullai a aljihu suna iya ƙara kilo ɗaya ko biyu. Awo na gaskiya shi ne a cire takalmi da hula, mace ta sassauta ɗaurin kai, a tsaya dunduniya da baya manne da ma'aunin tsayi, ido na kallon gaba, a hau sikeli da tufafi marasa nauyi, sikelin kuma yana kan daɓe mai tauri ba kan kafet ba. Wurin da ya yi haka ya ci maki. Wurin da ya tambaye ka tsayinka ya rubuta, ka ce a auna.

Ko an auna daidai, BMI ba ya bambance kitse da tsoka, ba ya kuma faɗin inda kitsen ya taru. Masanin lissafi ɗan ƙasar Beljiyam, Adolphe Quetelet, shi ya fito da wannan lissafi a shekarun 1830 don nazarin jama'a da yawa, ba don duba mutum ɗaya a asibiti ba, kuma sai a 1972 Ancel Keys ya raɗa masa sunan da ake kiransa da shi yanzu. A 2023 Ƙungiyar Likitocin Amurka ta fito fili ta ce kada a dogara da shi shi kaɗai. Abin da ke cike giɓin kuwa ba ya da tsada ko kaɗan: tef irin na tela.

Awon ƙugu shi ne abin da muke fara nema a takardar sakamako, kuma shi ne aka fi mantawa da shi. Ga yadda ake yinsa. Mutum ya tsaya, ƙafafu a haɗe, hannuwa a gefe. A lalubo ƙarshen haƙarƙari na ƙasa da kuma saman ƙashin kwatangwalo, a sa tef a tsakiyarsu, kan fata ko kan riga mai shara-shara, ba a inda bel ɗin wando ke zama ba, domin masu tumbi suna ɗaure wando ƙasa da shi. A saki numfashi yadda aka saba, kada a tsuke ciki, tef ya kwanta ba tare da ya nutse a nama ba. A auna sau biyu. Idan bambancin ya wuce santimita 1, a sake. Haɗari yana fara ƙaruwa daga santimita 94 ga namiji, 80 ga mace, ya yi yawa daga 102 da 88. Akwai kuma ƙa'ida mafi sauƙin riƙewa wadda NICE, hukumar da ke tsara wa likitocin Ingila jagorar aiki, ta sa a jagorarta a 2022: ƙugu kada ya kai rabin tsayi. Mai tsayin santimita 172, iyakarsa 86.

Mu ɗauki maza biyu masu shekara 50, kowanne tsayinsa mita 1.72, nauyinsa kilo 70, BMI 23.7. Na farko ƙugunsa 82, jininsa da sukarinsa lafiya. Na biyu ƙugunsa 96, hannu da cinya sun siranta, ciki ya fito gaba. A takardar da ba a auna ƙugu ba, mutum ɗaya ne. A zahiri kuwa na farko ba shi da abin da zai rage, kuma ce masa ya rage cutarwa ce. Na biyu yana da kitsen ciki, wanda ke kewaye hanji da hanta, kuma shi ne ke da alaƙa da ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya. Shi ma ba "rage nauyi" ne ainihin abin da yake bukata ba. Yana bukatar ƙugu ya ragu, tsoka ta ƙaru, ko da sikeli bai motsa sosai ba.

Adalci ne a faɗa cewa likitan da ya yi wa mai BMI 24 maganar nauyi ba lallai ne ya yi kuskure ba. Jagorar NICE ta sauke ma'aunin ga 'yan asalin Afirka baƙar fata da 'yan Asiya da Gabas ta Tsakiya: nauyi ya wuce daga 23, ƙiba daga 27.5, saboda ciwon suga yana kama su tun BMI bai yi nisa ba. Haka nan mai kitse a hanta, ko da siriri ne, rage kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na nauyinsa yana taimaka masa. Wanda sukarinsa na safe ya shiga tsakanin 6.1 da 6.9 a ma'aunin mmol/L, bai kai 7.0 na ciwon suga ba amma ya kusa, shi ma yana da dalilin gyara ci da motsa jiki. Saboda haka ba muna cewa a yi watsi da maganar likita ba ne. Abin da muke aunawa shi ne: shawarar ta zo da dalili ko kuwa? Likitan da ya ce, "Hajiya, ƙugunki 88, rabin tsayinki 80, hoton ciki ya nuna kitse a hanta, don haka mu nemi kilo biyu zuwa uku cikin wata uku," ya yi aikinsa. Wanda ya kalli shekaru kawai ya ce a rage, ba lamba, ba iyaka, ba ranar dawowa, bai yi ba.

Me ya sa hakan ke faruwa? Na ɗaya, lokaci. Layi ya yi tsawo, sakamako ya fito da rana, likita yana da 'yan mintuna, "a rage ƙiba, a rage gishiri, a motsa jiki" kuma magana ce da ke fita ba tare da an sake duba fayil ba. Na biyu, wasu takardun sakamako kwamfuta ce ke cike layin shawara, iri ɗaya ga kowa. Na uku, hujjar amfanin rage nauyi tana da ƙarfi ƙwarai, har ana mantawa da a jikin wa aka samo ta. Babban binciken rigakafin ciwon suga na Amurka da aka buga a 2002 ya nuna cewa shirin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyi tare da motsa jiki minti 150 a mako ya rage kamuwa da ciwon da kashi 58 cikin ɗari. Amma matsakaicin BMI na mutanen da aka yi binciken a kansu 34 ne, kuma sukarinsu ya riga ya fara hawa. Ba a ɗauko wannan sakamako a ɗora wa mai BMI 21 da lafiyayyen jini. Na huɗu kuwa, wasu wuraren suna da shirin rage ƙiba na kansu da ake biya daban, kuma idan mai ba da shawara shi ne mai sayar da maganin, dole mai saye ya buɗe ido.

Illar ba ƙarama ba ce. Tun daga wajen shekara 30 tsoka ke raguwa da kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a duk shekara goma, abin ya fi sauri bayan 60. Idan mutum ya takura ci, ba kitse kaɗai ke tafiya ba, har da tsoka, kuma wanda ba shi da kitse da yawa tun farko ya fi asarar tsokar. In ya gaji ya koma cin da ya saba, abin da ke dawowa galibi kitse ne. Sai ya tashi da nauyinsa na da, amma da ƙarancin ƙarfi da ƙarin tumbi. Tsoka kuma ita ce ke shanye mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan an ci abinci, don haka rasa ta yana kusantar da mutum ga ciwon da ake gudu. Ga mata abin ya fi tsanani bayan ɗaukewar al'ada, lokacin da ƙashi ke saurin yin rauni, rage nauyi kuma yana ƙara masa rauni. Mace mai tsayin mita 1.60 da kilo 52, BMI ɗinta 20.3, idan ta bi maganar "a sauke kilo biyar" ta koma 47, ta faɗa 18.4, wato rama. Karayar ƙashin kwatangwalo a tsufa tana kwantar da mutum watanni, wasu ba sa sake tashi kamar da. Wannan shi ya sa muke ɗaukar maganar da zafi.

Sai na'urar awon kitse, wadda ake taka ta ba takalmi ko a riƙe hannayenta, ta fitar da doguwar takarda mai kashi-kashi na kitse da ruwa da "shekarun jiki". Tana aiki ne ta hanyar tura ɗan ƙaramin lantarki cikin jiki ta auna yadda ya wuce, ruwan jiki kuwa shi ke ɗaukar lantarkin. Mutumin da ya kwana bai ci ba, bai sha ruwa sosai ba, ya shigo daga zafin Abuja na watan Maris, na'urar za ta ƙara masa kitsen da ba shi da shi. Amfaninta shi ne kwatanta awo da awo a kan na'ura ɗaya, a lokaci ɗaya na rana, cikin yanayi ɗaya. Awo guda ba ya isa a yanke hukunci, "shekarun jiki" kuwa ba wani ciwo ba ne da likitanci ya sani. Mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji kada ya hau ta sam.

Abin da ake sayarwa bayan shawarar shi ne mafi rauni a duk hidimar. Shayin rage ƙiba da yawa suna ɗauke da ganyen filasko ko danginsa mai sa zawo, wasu kuma da abin sa fitsari. Kilo biyun da ke sauka a makon farko ruwa ne, yana dawowa, amma kafin nan an rasa gishirin jiki irin su fotashiyam, abin da ke da haɗari ga mai shan maganin hawan jini ko mai ciwon zuciya ko ƙoda. An sha samun sinadarin sibutramine a ɓoye cikin kayan rage ƙiba da ake cewa na ganye ne, alhali an janye shi daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki. Duk abin da ba shi da lambar NAFDAC a ajiye shi, kuma lambar ma ba ta nufin kai kana bukatarsa. Allurar semaglutide da ake yayi yanzu, an amince da ita don rage ƙiba ne ga mai BMI 30 zuwa sama, ko 27 idan akwai wani ciwo tare da ƙibar. Mai BMI 23 ba ya cikinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta yi gargaɗi a 2024 kan jabunta da ke yawo.

To me ya kamata mai daidaitaccen nauyi ya fito da shi daga ɗakin likita? Idan ƙugu ya wuce rabin tsayi, a fara da abin sha. Kwalbar lemon kola ta santilita 50 tana da sukari wajen giram 50, wato duk abin da aka yarje wa babban mutum a yini guda. A haɗa da sukarin shayi da na kunu da na zoɓo. Gishiri kada ya kai giram 5 a rana, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma da dunƙulen miya da yajin tsire a lissafin. Tuwo da shinkafa ba a hana ba, a rage malmala, a cika rabin faranti da ganye da kayan lambu, zogale, alayyafo, kabeji, kuɓewa. Abin gina jiki kuma a ƙara shi, kada a rage: mafi ƙaranci giram 0.8 ga kowane kilo na nauyi, wato giram 56 ga mai kilo 70, masu manyan shekaru kuma sun fi amfana da giram 1 zuwa 1.2, in dai ƙoda lafiya take. Ƙwai ɗaya yana da wajen giram 6, kifi mai girman tafin hannu wajen 20. Wake, alale, awara, nono da gyaɗa duk suna cikewa. A raba shi tsakanin safe da rana da dare, kada a tara shi a tukunyar dare.

Motsa jiki minti 150 zuwa 300 a mako, tafiya mai sauri wadda za ka iya magana amma numfashi ya ɗan ɗaga. Gefen tafkin Jabi da Millennium Park da titunan unguwa bayan sallar asuba duk sun wadatar. Abin da ake yawan tsallakewa shi ne aikin ƙarfafa tsoka sau biyu a mako, kuma shi ne ya fi dacewa da wannan rukuni. Ba sai an yi rajistar gidan motsa jiki ba. A zauna a tashi daga kujera ba tare da dafa hannu ba sau 10 zuwa 12, a huta, a maimaita sau biyu ko uku. A dafa bango a tura jiki haka nan. A ɗauki jarka mai lita 5 a kowane hannu a yi tafiya da su. Idan ya zama da sauƙi a ƙara nauyi ko yawa. Mai ciwon ƙirji, ko wanda jininsa ya hau sosai ba a shawo kansa ba, ya fara jin ta bakin likita.

Tunda an ambaci jini: awon hawan jini ma yana shan wahala a gaggawar teburin nas. A zauna minti 5 tukuna, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai da ƙirji, ba goro ba kofi ba sigari rabin awa kafin nan, a auna sau biyu. Awo ɗaya da ya kai 140/90 bayan an sha cunkoson hanyar Nyanya ko ta Kubwa bai isa a ce mutum yana da hawan jini ba, balle a ɗora laifin a kan nauyin da ba shi da shi. A sake a wata rana.

Tambayoyin da za a yi wa likita cikin ladabi ba su da yawa. "Likita, nawa ne BMI ɗina, nawa ne ƙuguna? Wane sakamako ne ya sa ka ce in rage? Kilo nawa, cikin wata nawa, kuma ina zan tsaya?" Likitan kirki yana jin daɗin irin waɗannan tambayoyi, yakan sake buɗe fayil, wani lokaci ya gyara maganarsa. Idan ana son tsarin abinci na musamman, a nemi a tura mutum wurin ƙwararren masanin abinci na asibiti. Manyan asibitocin gwamnati irin su Asibitin Ƙasa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada suna da irin wannan sashe.

Akwai kuma wanda nauyinsa ke sauka da kansa ba tare da ya nema ba, kuma a nan ne sabo da yabon rama ke iya kai mutum ga halaka. Rasa kashi 5 cikin ɗari na nauyi cikin wata 6 zuwa 12 haka kawai, kamar mai kilo 70 ya koma 66 da rabi, alama ce da ake bincika: ciwon suga, tarin fuka, ƙanjamau, ciwon maƙoƙo mai ƙona jiki, ciwon daji, ko matsananciyar damuwa. Asibitin da ya ajiye nauyin bara ya kwatanta da na bana ya yi abin da ake biya dominsa. Don haka a karɓi takardar sakamako gaba ɗaya da lambobinta, a ajiye, a zo da ita baɗi ko da an canza asibiti. Wanda aka ba shi aikin rage ƙugu ya auna da tef a gida sau ɗaya a wata, da safe kafin ya karya, ya rubuta, sannan ya koma bayan wata uku a sake duba sukari da kitsen jini a ga ko sun motsa.